Yatsan da Na Yi wa Lalle

Ƙarar takarda ce ta fara komai. Ina tsugune ina wanke-wanke da safe sai na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras a bayan ƙofar kicin, na ɗauka ɓera ne ya samu ledar gari. Na ɗauki tsintsiya na leƙa. Ashe 'yata ce ta biyu, lokacin tana aji huɗu na firamare, ta shimfiɗa takardar da aka naɗo mana ƙosai a kan cinyarta tana lallashinta da tafin hannu don ta miƙe. Mai ya jiƙa rabin shafin har rubutun baya yana leƙowa ta gaba, amma tana bi da yatsa, bakinta yana motsi.

Na ce, "Ke kuma me kike yi da shara?"

Ta ce, "Umma, labari ne. An yage ƙarshen."

Na yi dariya a lokacin, amma abin ya tsaya mini a rai. Gidanmu a Unguwar Shanu, ban da Alƙur'ani da littattafan Islamiyya da na makarantar boko da suka sha hannun yayye, babu abin karantawa. Laburare kuwa yana can cikin gari. Sai an hau keke, sai an samu mai raka yarinya, ni kuma ga goyo ga girki. Na sha ce mata za mu je ranar Asabar, Asabar ɗin ba ta taɓa zuwa ba.

Ana nan sai wata ƙungiyar masu son karatu ta kawo akwatin littattafai asibitin awon ciki na unguwarmu. Wani dogon kabad ne na ƙarfe mai ƙananan ƙofofi na gilashi, kowace ƙofa da littafi a bayanta. Babu ma'aikaci. Ka ɗora babban yatsanka a kan wani ɗan gilashi mai haske, ka danna lambar ƙofar da kake so, sai ka ji ƙas, ta buɗe. In ka gama karantawa, akwai rami a gefe da ake zura littafin. A asibitin aka ajiye shi saboda nan ne ake da wutar sola da maigadi. 'Yan ƙungiyar ne suka sayi akwatin, mu kuma matan unguwa aka ce mu ɗauki nauyin kuɗin data da gyaran batir. Muka riƙa cire ɗan wani abu daga adashinmu. Wasu mazan suka yi ta tsiya, wai unguwar da ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ce za ta ciyar da kabad. Maigidana dai ya ba ni tasa gudummawar a ɓoye.

Manya kaɗai ake yi wa rajista. To maza ba sa son a gan su a asibitin masu ciki, don haka kusan duk yatsun da akwatin ya sani na mata ne. An gaya mana tun farko cewa gwaji ne. In an ga ana amfani da shi za a bar mana, in ba haka ba a kai inda ake bukata. Muka ce ai ba matsala, don kuwa layi ake yi.

Yatsana ya zama mabuɗin 'yata. Duk ranar da babu Islamiyya sai ta tsaya mini a kai da hijabina a hannu. "Umma, ara mini yatsanki." Maƙwabciyata, wadda muke kira Maman 'yan biyu, takan ce, "Wannan 'yar taki da za ta iya cire yatsan nan ta sa a jaka, da tuni kin zama mai tara." Ni ma ban tsira ba. Rabona da karanta littafi don jin daɗi tun ina sakandare, sai ga ni ina ƙona miya saboda shafi ɗaya.

Cikin azumi 'yata ta ɗauko wani labari mai kashi biyu, na wata yarinya da kwalekwale ya ƙwace da ita a kogi. Kashi na farko ya ƙare yarinyar tana tsakiyar ruwa, babu matuƙi. Saura 'yan kwanaki Sallah na ce a mayar da shi, kuma kada a ɗauko na biyun sai an gama hidima. Littafin aro amana ne, gida kuma zai cika da baƙi da yara masu hannun miya. Ta yi magiya, na ce Sallah kwana nawa ce, littafi ba gudu zai yi ba.

Jajibirin Sallah muka taru a tsakar gidan Maman 'yan biyu aka yi mana ƙunshi. Jan lalle ne mai kyau, aka bi shi da baƙi, kan yatsun nan duk aka tsoma su suka yi duhu kamar dabino. Haka uwata take yi, haka kakata. Babu matar da ta fita daga gidan nan da farin yatsa.

Bayan Sallah muka tafi asibiti, 'yata tana gaba tana tsalle. Na ɗora yatsa. Jan haske ya kawo, akwatin ya yi ƙara sau biyu. Na goge yatsan a hijabi na sake. Ja. Na hura masa iska, na yi bisimilla, na sake. Ja. Ga kashi na biyun nan a bayan gilashi, daidai tsayin fuskarta, har ta manna goshi tana karanta bangon.

Maigadi ya ce, "Hajiya, tun jiya haka yake yi wa kowa. Ina jin ya lalace."

Duk muka yarda ya lalace. Babu wanda ya kawo lalle a ransa. Akwai lambar waya da aka manna a jikinsa, amma ruwan sama ya cinye rabinta. Muka ce masu shi za su zo su gyara. Kafin ƙunshin Sallah ya gama fita, bukukuwan bayan Sallah suka kankama, yau kamu gobe walima, kowace mace ta sake sabo a kan tsoho. Muna murmurewa daga wannan sai ga Babbar Sallah. 'Yata takan bi ta asibitin in ta taso makaranta, ta dawo ta ce mini, "Yana nan, Umma. Ba wanda ya ɗauka."

Wata ungozoma ce ta fara ganewa. Ita ba ta ƙunshi saboda aiki, ta gwada nata yatsan ƙofa ta buɗe. Labari ya zaga unguwa, muka yi ta salati muna dariyar kanmu. Na shiga dirzar yatsana da lemon tsami da toka. Amma lalle ba ya jin gaggawa, sai ya ga dama yake tafiya.

Bai gama tafiya ba motar ɗauke akwatin ta zo. Wata yarinyar maƙwabta ce ta rugo ta gaya mini, na zura hijabi na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Na tarar ana kwance wayoyi. Wata matashiya daga ƙungiyar tana tsaye, mai ladabi, ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ce akwatin da kansa yake aika musu rahoto, kuma watannin nan ya nuna kusan ba a buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Masu ba da tallafi sun ce a mayar da shi Doka, kusa da ofisoshi.

Na miƙa mata hannuwana biyu. Na ce, "'Yar nan, dubi. Ba ƙin karatu muka yi ba. Lalle ne ya hana shi gane mu."

Ta dubi yatsuna, ta dubi nata. Ita ma akwai sauran jan lalle a farcenta. Sai ta ce, "Wallahi Mama, ƙofar da aka buɗe kawai yake ƙirgawa. Wanda ya zo ya koma, ba ya gaya mana." Ta ce za ta kai maganar gaba, kuma na yarda ta kai. Amma an riga an sa hannu, mota kuma tana jira.

Na roƙe ta ko littafin nan ɗaya a bar mana aro. Ta ce mabuɗin yana ofis, ita ma sai da yatsa, kuma ba a yi wa nata rajista a wannan akwatin ba. Haka aka ɗaga shi da littattafansa a ciki, suna zamewa suna bugun gilashi.

Na sha tunanin abin nan. Da mutum ne zaune a wurin, ko tsoho ne mai gyangyaɗi, da ranar farko zai dubi hannuna ya ce Hajiya lallenki ne. Da ya ga yarinyar da ke manna goshi a gilashi kullum. Akwatin ya yi mana abin da babu wanda ya taɓa yi mana, ya kawo littafi har bakin ƙofa, ba na butulce masa. Sai dai ba shi da ido, mu kuma ba mu san inda za mu kai kuka ba. Na kuma sha cewa da na bar ta ta ɗauko kashi na biyun nan cikin azumi, ko da miya ta ɗiga a kai. Allah Ya riga Ya ƙaddara, amma zuciya ba ta daina cewa da na sani.

Babanta ya zaga Babbar Kasuwa wajen masu littattafai, bai samu kashi na biyun ba. Har yau ba mu san ko yarinyar cikin kwalekwalen ta kai gaɓa ba.

Da wata Sallar ta zagayo muka sake taruwa a gidan Maman 'yan biyu. An kwaɓa lalle, mai ƙunshi ta kama hannuna na dama ta fara daga ƙaramin yatsa. 'Yata tana zaune a gefena tana riƙe mini leda. Da aka zo kan babban yatsan sai ta sa hannu ta rufe shi a cikin tafinta.

Ta ce, "Umma, a bar wannan fari. Ko za su dawo da shi."