Rigar ɗorawa ta kai mu gidan makoki

Jama'a, yau na kai Kawu makokin mutumin da bai taɓa gani ba!

Muna tsakiyar Kwatano cikin motar da muka ɗauka haya, ni ke tuƙi, saura awa biyu jirginshi na Umra ya tashi, sai taswirar wayata ta tsaya cik. Layin Maraɗi ne ciki, babu rezo, wato sabis. Da safe mai motar ya miƙo mini na'urar nuna hanya na ƙi karɓa, don abokina Sani na unguwar Zariya a Maraɗi ya rantse mini waya ta isa.

Kawu ya ce, "Kai, ina muka dosa?"

Sai na yi irin ta gida. Na tsai da ɗan kabu-kabu mai babur, na ce filin jirgi, shiga gaba in bi ka. Ashe nan dukansu riga ɗaya gare su, ɗorawa. A mararraba suka cakuɗe, na kama wani na bi. Muka yi ta tahiya har kwalta ta ƙare. Ya tsaya gaban wata rumfa, ga kujeru, ga akwatin gawa. Ya sauko ya daki gilashina, yana masifa da Faransanci, wai mi ya yi mini nake bin shi.

Kawu ya leƙa ya ce, "Nan ne filin jirgin, don ubanka?"

Jirgi dai ya tashi ba shi.

Na rubuta wa Sani: "Kai da ko Jiratawa da ke bakin Maraɗi ba ka taɓa wucewa ba, kai ne mai ba da shawarar Kwatano? Na ba Kawu lambarka. In ka isa ka ɗauka."