Yadda Kawu Ya Samu Sunan Sau Biyar

Ni na raɗa wa Kawu sunan da ya fi nasa na yanka bin sa, kuma ba da nufi ba. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya koya mini hawan keke, keken kuma ashe na sata ne. A rayuwarsa bai taɓa ɗaukar komai ba sai keke. Ranar da aka gurfanar da shi karo na ƙarshe, alƙali ya ɗago kai ya ce, "Kai kuma? Sau nawa ke nan?" Kawu ya sunkuyar da kai. Ni da ba a tambaya ba, daga benci na uku na ce, "Sau biyar, ranka ya daɗe." Kotu ta fashe da dariya. Kafin ya gama wata goma sha takwas ɗinsa, duk wanda ya sake yin laifi a unguwarmu, ko da makara a wurin aiki ne, sai a ce masa Sau Biyar.

A gidan yari ya koyi guga. Da ya fito, Inna ta ce in ɗauke shi a shagona na wanki, na kuwa ɗauke shi da murna, don na gwada shi: riga goma sha ɗaya a awa, ba ƙuna, kari kamar bakin wuƙa. Ni tara nake yi.

A shagona kowane mai kaya da launin zarensa. Kaya na shigowa zan ɗinka ɗan zare a cikin gefen kowace riga, in ƙirga, in sake ƙirgawa ranar fita. Shekara uku ba mu ɓatar da ko hankici ba. Sai wata Laraba, kaya arba'in da uku suka shigo, arba'in da biyu suka fita. Babu farar rigar wani likita, wanda launinsa jan zare ne.

Na ƙirga sau huɗu. Daga nan, a gaban masu wanki biyu da wata mai jiran kayanta, na ce, "Kawu, buɗe jakarka."

Ya ajiye dutsen guga a tsaye. "Ɗan Yaya, rigar tana da taya ne?"

Masu wanki suka yi dariya, ni ban yi ba. Ya zazzage jakar a kan tebur: carbi, mataji, maganin hawan jini, takardar sallamarsa a cikin leda. Abu huɗu. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya gama wandon da ke gabansa, ya kashe wuta, ya fita.

Bayan kwana tara wani malamin makaranta ya dawo mini da rigar, ta bi kayansa. Na juya gefenta: shuɗin zare, launin malamin, ba ja ba. Ɗinkin hannuna ne, ba mai taɓa allurar nan sai ni.

Sai da na shiga shagon tela bakwai kafin na same shi, a bayan kasuwa, yana guga da dutsen gawayi. Ina isa telan ya leƙo ya ce, "Sau Biyar, ka yi baƙo." Har nan sunan ya riga ni zuwa.

Na durƙusa, na nuna masa zaren, na ce ya dawo. Ya hura gawayinsa.

"Na yafe, ɗan Yaya. Amma ba zan iya guga ana kallon jakata ba." Ya shimfiɗa wata riga. "Kai da ba abin da ke wuce ka, kwana nawa na yi a waje tun fitowata daga gidan yari?"

Na fara lissafi da yatsu, ya riga ni.

"Dubu ɗaya da ɗari da sha huɗu, har da yau," in ji shi. "Wannan adadin ba wanda ya kira ni da shi."

Yanzu ni ke gugar, tara a awa. Kwanakinsa kuma ina rubuta su a bayan ƙofar shago. Ban gaya masa ba tukuna.