Bokitin Kawu a Zauren Majalisa

Kawu, yayan mahaifiyata, ya shekara arba'in yana noman masara a fadamar ƙauyenmu kafin mutane su matsa masa ya tsaya takarar majalisar jiha. Bai so ba, amma ya ci. A can abokan aikinsa suka laƙaba masa Honorabul Fartanya, wai kantar hannunsa tana kartarsu in an gaisa. Ni da nake yi masa sakatariya haushi kamar ya kashe ni. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Halinsa guda: ba ya yanke wa ƙasa hukunci sai ya damƙa, ya murza, ya sansana. A shekararsa ta uku a majalisa wani kwamiti ya kawo rahoto cewa fadamarmu ta mutu, gara a ba wani kamfani ya riƙa ajiye manyan motoci. Gida ɗari biyu ke ci daga wannan ƙasa! Kawu ya tambayi shugaban kwamitin, "Honorabul, da ka je, ƙasar baƙa ce ko ja?" Mutumin ya hau gyaran hula. Ashe ko daga mota bai sauka ba.

Saura mako uku majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan rahoton, Kawu ya ciko tsohon bokitin fenti da ƙasar fadamar, ya huda gindinsa, ya shuka ƙwayar masara biyar, ya ajiye a tagar ofis. Kullum da safe shi ke ba ta ruwa da kansa. Shugaban jam'iyya ya zo lallashi, ya tsaya jikin taga ya ce, "Yaya, ka bi a hankali, zaɓe na tafe."

Kawu ya ce, "Matsa kaɗan, ka tare mata rana."

Ranar ƙuri'a ya rungumo bokitin har cikin zaure, laka na ɗiga a kan kafet, masarar ta kusa kamu guda, koriya shar. Kakakin majalisa ya buga guduma. "Honorabul, fitar da wannan abin!"

"Ranka ya daɗe, rahoto ya ce ƙasarmu ta mutu. To ga gawar na kawo, kowa ya gani da idonsa."

Aka yi dariya, amma maganar ta shige su, don rabin masu manyan rigunan nan 'ya'yan manoma ne. Da ƙuri'a biyu kacal rahoton ya faɗi. Wallahi sai da na yi hawaye.

Manyan majalisa da na jam'iyya ba su yafe masa ba. Aka dakatar da shi wata uku, da zaɓe ya zo jam'iyya ta hana shi tikiti. Mutanen ƙauye suka je yi masa jaje, suka tarar da shi duƙe a fadama yana cire ciyawa. Wani dattijo ya ce, "Sannu da rashin kujera."

Kawu bai ko ɗago ba ya ce, "Shekara huɗu ina zaune a kanta, ko tsiro ɗaya ba ta fitar ba. Ɗaga ƙafarka, kana taka min shuka."