Ragib, Mai Busar da Dalma

Ranar da Sakib ya jefa jiƙaƙƙen guntun bututu cikin tukunyar narkakkiyar dalma, yayansa Ragib yana tsaye a ƙofar kicin, bakinsa cike da burodi. Ya hango ɗigon ruwa yana ƙyalli a bakin bututun. Kafin ya haɗiye lomar, tukunya ta yi aman wuta a fuskar ƙaninsa. Sakib saurayi ne a lokacin. Bai sake ganin komai ba.

Ba wauta ce ta makantar da shi ba. In gaskiya ake so, kakanninmu mata ne. A tsaunukan nan namu na Bosniya, duk wanda ya razana wajen tsohuwa ake kai shi, ta lulluɓe masa kai da jan mayafi, ta narka dalma a cokali, ta tsiyaya cikin kwanon ruwa, wai tsoro ya fita. Mun tashi muna ganin dalma da ruwa suna gaisawa lafiya, daga ɗan ƙara sai tururi. Ba wanda ya gaya mana cewa in ruwan ne ya tarar da dalma a tukunyarta, ba gaisuwa ake yi ba.

Zubin harsashi kuwa dole ne a gare mu. Da masara ta fara nuna, aladun daji suke saukowa su mai da gonar mutum fili. Harsashin kanti yana birni, birni kuma ba kusa ba. Don haka kowane magidanci a kicin ɗin matarsa yake zuba nasa, cikin sanyi, taga a rufe, yara suna rarrafe a ƙasa.

Ragib ne ya kashe wannan al'ada, kuma bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya gyara tsohuwar rumfar tumakin mahaifinsa a bayan ƙauye, ya rushe bango ɗaya don iska, ya bi gida gida yana karɓar tukwanen dalma. "Kawo, ni zan zuba maka." Wanda ya ƙi, washegari sai ya ga Ragib ya dawo, Sakib na dafe da kafaɗarsa, wai sun zo shan kofi. Ba a kaiwa kofi na biyu tukunya take fitowa.

Kusan shekara arba'in ke nan aikinsa bai sake ba. Bayan asuba ya hura wuta, ya baza dalmar da aka kawo a kan faifan ƙarfe ta bushe, ya tsaga kowane bututu ya leƙa cikinsa, sannan ya yarda ya ɗora tukunya. Ba ya cin komai a rumfar. Mutane suna cewa tsoron gubar dalma ne. Akwai wannan. Amma ni ban sake ganin Ragib kusa da wuta da wani abu a bakinsa ba.

Sakib kuwa a kan benci yake zama a waje, yana lalube harsasai da yatsu, yana ware marasa kyau.

"Yaya, wannan ai ƙwai ne, ba harsashi ba. Alade zai gan shi ya fashe da dariya."

"Kai da ba ka gani, ka fi kowa ganin laifi."

"To idon gidanmu duka yana hannunka, ka yi aiki da shi mana."

Sai maƙwabcinsu Momchilo, Kirista, wanda ke kwashe aladun da muka harbe tunda mu ba ma ci, ya leƙo. "Ku harba, ni in ci. Wannan shi ne zaman lafiya!"

"Ka yanke inda harsashi ya shiga ka yar," in ji Ragib. "Tumbin nan naka ya isa nauyi, ba sai an ƙara masa dalma ba."

Lokacin yaƙi an zo wa Ragib da buhun dalma da maganganu masu daɗi. Ya ce shi na alade kaɗai ya iya. Na karanta tarihin jarumai har ido ya gaji, akasarinsu mutane suka kashe, aka sa wa tituna sunayensu. Kai ne ka hana ƙauye guda makancewa, Ragib, ko lungu ba a sa wa sunanka ba. Kai ne kuma, da matata Fadila ta rasu, masu jawabi suka yi suka watse, ka haƙa kabarinta a ƙasar da ta daskare kamar dutse, ba ka ce mini uffan ba. Ta'aziyyar da na iya ɗauka ke nan.

Bara Sakib ya rasu. Bana hannun Ragib ya fara rawa, likita ya ce dalmar da ya hana shiga jikin 'ya'yanmu ta taru a nasa. Ana jin zai rufe rumfa, sai Nermin, magidancin da ya dawo daga aiki a Jamus, ya sayo mazubin harsashi sabo fil, ya ce shi a gida zai fara nasa.

"A ina a gidan?" in ji Ragib.

"A kicin, Baffa. Akwai fanka mai zuƙe hayaƙi."

"Matarka mai ciki fa?"

"Ta ce ba komai."

"Uwarmu ma haka ta ce. Gobe ka same ni a rumfa."

Nermin ya zo da buhun tsofaffin bututu da ya tono daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Dalma ta narke, Ragib ya juya ɗauko ludayi, Nermin kuwa ya zari guntu ɗaya, ya goga a wando, ya nufi tukunya. Ƙafar tsoho ba za ta kai ba. Muryarsa ce ta kai. Momchilo ya rantse har garkensa ya ji tsawar, tumaki suka watse.

Nermin ya sandare, hannu a sama. "Ai na goge shi, Baffa."

Ragib ya karɓi bututun, ya karkata shi. Ruwa ya zubo daga ciki, siriri, ya jiƙa ƙasa. Nermin ya fita ya zauna a bencin Sakib, ya daɗe bai tashi ba. Yanzu shi ke hura wutar asuba, tsoho na zaune yana yi masa faɗa. Rumfa mai bango uku ba ta buƙatar makulli, amma Ragib ya damƙa masa.

Mun gode, Ragib, mai busar da dalma. Duk wanda zai fara zubi a kwarin nan, ya kai tukunyarsa rumfa, ya bar wa matarsa kicin ɗinta, ya kuma koyi buɗe baki da wuri.

Ranar Juma'a Ragib yakan je kabarin ƙaninsa. Mutane suna ganin leɓensa na motsi, su ɗauka addu'a ce. Kabarin Fadila yana kusa, don haka ni na ji abin da yake cewa.

"Tsaya, Sakib. A jiƙe yake."