Sunayen Da Na Yanke Daga Bakin Goni

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne a sashen labarai na wani gidan rediyo a Maiduguri, ina haya a Bulumkutu, kuma ina ji da kaina ƙwarai. An horar da ni a kan abu guda: idan mutum ya yi maganar minti goma, in fitar da ƙwayarta a minti ɗaya. Gaisuwa da addu'a da "wane ya ce wane ya ce" duk ƙaiƙayi ne a wurinmu. Na iya wannan aiki, har ya zamar mini jiki.

Wani malamin jami'a ne ya haɗa ni da baƙon, wani dattijo Bajamushe masanin tarihi da addinai. Ɗan limamin coci ne. Ya fara da nazarin tarihin addinin gidansu, daga baya ya koyi Larabci, ya ƙarar da shekarunsa yana koyarwa da bincike a kan yadda ilimin addini ke tafiya daga malami zuwa ɗalibi. Ya zo Borno ne don littafinsa na ƙarshe kafin ritaya. Ba ya jin Hausa ko Kanuri. Ni kuwa iyayena Kanawa ne amma a nan aka haife ni, ina jin duka biyun, sai na zama tafintansa zuwa Turanci.

Mun fi zama da wani Goni a unguwar Umarari, tsohon mahaddacin Alƙur'ani da ya san tarihin gidajen malamai na garin. Ya karɓe mu da kyau, amma ya ƙi a ajiye rikoda a gabansa, ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Saboda haka abin da ya fito daga bakina kaɗai baƙon ke rubutawa. Goni ba ya fara labari sai ya jero waɗanda suka kawo masa shi: ya ji daga mahaifinsa, shi kuma daga malaminsa, shi kuma daga wata baba tasa, yana yi wa kowa addu'a. Ni kuma in jira ya gama jerin, sannan in fassara labarin. Wata rana Bajamushen ya tambaye ni me ya sa Goni ke daɗewa yana magana, ni kuma in gama da wuri. Na ce masa addu'o'i ne kawai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutu.

A wani zama da hantsi magana ta biyo ta kan wani gidan malamai da suke zumunci da gidan Goni tun kakanni. Goni ya ce akwai masu cewa kakan wancan gida bai kammala karatu a hannun shehin da zuriyarsa ke jingina kansu da shi ba. Ya faɗi inda ya ji, wato daga wani dillali a Kasuwar Shanu da ke gaba da wancan gida, ya kuma ƙara da cewa mahaifinsa ya ƙaryata zancen, har ya kawo sunayen mutum huɗu da suka halarci saukar karatun. Ya ce ya ambata ne don kada baƙon ya ji a waje ya ɗauka gaskiya ce. Hankalina yana kan labaran rana da zan je in karanta. Na fassara tsakiyar, na bar farko da ƙarshe.

Bayan wasu shekaru littafin ya fito, kuma maganar tana ciki a matsayin shaidar Goni da kansa. Wani jikan wancan gida da ke karatu a jami'a ya gani, ya fassara wa iyayensa. Ba su yi hayaniya ba. Sun janye ɗalibansu daga zauren Goni, kuma a azumin shekarar babu ko mutum ɗaya daga cikinsu da ya zo tafsirinsa, abin da bai taɓa faruwa ba. Mutumin da aka sani da tsare harshe ya wayi gari ana kallonsa a matsayin mai ɓata matattu a gaban baƙo.

Goni ya aiko a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai a kan buzunsa. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ɗana, ka faɗa masa daga wa na ji?" Na ce, "Allah gafarta Malam, na taƙaita." Ya ɗan yi murmushi, ya ce ashe rikodar da ya kora ta fi ni amana.

Sai da na yi wata uku kafin na iya rubuta wa Bajamushen gaskiya. A lokacin ya yi ritaya, ba shi da cikakkiyar lafiya. Ya rubuto wa gidajen biyu wasiƙar neman afuwa da Larabci, da hannunsa, ya kuma sa aka gyara shafin a bugu na gaba. Bai ambace ni ba. Ya ce laifinsa ne, domin ya yi zargi tun ranar da ya tambaye ni, bai bi diddigi ba. Wancan gida sun karɓi uzurin, sun dawo tafsiri. Amma Goni bai sake ba kowa tarihi ba har ya rasu, ko 'ya'yansa.

A wasiƙar da ya aiko mini ni kaɗai, Bajamushen ya roƙi abu guda. Ya ce shekara da shekaru waɗannan jerin sunaye yake bi ƙasa-ƙasa, su ne aikinsa, labaran kuwa kowa ma yana da su. Ya ce in aiko masa duk sunan da na tuna, musamman mutum huɗun nan, domin su ne za su wanke wancan gida har abada. Na zauna da takarda da biro kwana da kwanaki. Na tuna launin buzun, na tuna ƙamshin turaren zauren, ban tuna suna ko ɗaya ba. Ya rasu ban ba shi amsa ba.

Yanzu ni ke horar da sababbin ma'aikata, kuma har gobe ina koya musu taƙaitawa, domin aikin rediyo ba ya yiwuwa sai da ita. Abin da na fahimta a makare shi ne, wanda aka sa a tsakanin mutum biyu ba shi da ikon zaɓen abin da ya cancanci ƙetarewa. Duk mai yi wa wani tafinta, a asibiti ne ko a kotu ko a zauren malami, ya isar da maganar da inda aka samo ta, ko da ta yi masa tsawo. Ni minti biyu na so in rage, na binne mutum huɗu da babu wanda zai sake kiran sunansu.