Farar Ƙasa a Ƙafar Rabiou

Jelar zanen ta karkata hagu. Abin da Balkissa ta gani ke nan ranar Talata da yamma, lokacin da ɗanta Rabiou ya durƙusa yana wanke hannu zai ci tuwo. Kowa a tsakar gidan ya ga farin zanen nan a bayan ƙwaurin yaron, ganye uku da 'yar jela, kowa kuma ya ɗauka lafiya lau. Maƙwabciyarta Hansatu har cewa ta yi, "Ka ga ɗan albarka, alamarsa na nan garau." Amma Balkissa mai lalle ce. Shekara goma sha shida tana zane a ƙafafun mata, ta san hannunta kamar yadda ta san muryarta, kuma jelarta dama take karkata kullum. Mutum ɗaya ne bahago a gidan: ɗiyarta ta fari, Nafissa, wadda ke gindin murhu tana zuba miya, kanta a sunkuye.

Balkissa ta zauna, ta gutsuri tuwo.

Ita ɗiyar tudu ce. A ƙauyensu, can arewa da Maradi, ruwa mafi zurfi shi ne na rijiya, shi ma sai da guga ake ganinsa. Aure ya kawo ta N'Djamena a 1993, ta biyo mijinta Souley, direban babbar mota mai jigilar albasa da kayan masarufi, wanda yakan yi wata guda ba a ga ƙeyarsa ba. Sun fara zama a unguwar Ambassatna, inda ta koyi Larabcin gari a bakin matan da take yi wa ƙunshi. Daga baya suka koma Chagoua don kusa da inda ake ajiye motoci. Ranar da ta fara ganin kogin Chari daga kan gada, ta runtse ido har suka haye. Haihuwa huɗu ta yi. Biyu na tsakiya ba su yi kwana ba, sai Nafissa mai shekara goma sha uku da Rabiou mai tara suka rage mata.

Lokacin makaranta hankalinta a kwance yake, lakwal, wato makarantar boko, na riƙe da su har rana ta take. Dogon hutun nan da yara ke kira wakans shi ne baƙin cikinta. Wata uku cur, daidai lokacin da kogi ke cika yana cin gaɓa, daidai kuma lokacin da bukukuwa ke yawa, ita tana gidajen amare tun hantsi. A hutun bara kogin ya tafi da wani yaron layinsu, sai bayan kwana biyu aka same shi. Tun daga ranar ta ƙirƙiro dabararta. Kowace safiya takan dama farar ƙasa da ɗan ƙaro a murfin kwalba, ta sa tsinke ta zana ganye uku a ƙafar Rabiou. Ƙura ba ta goge shi, gumi ma ba ya cinye shi duka, amma da ya shiga ruwa ya tafi. In hadari ya taso, doka ita ce ya dawo gida kafin ɗigon farko. Matan layin suka yi ta yaba mata, wasu har suka kwaikwaya.

Ga shi yau alamar na nan, amma ba tata ba ce.

Da yaran suka fita kai kwanuka, ta raɗa wa Hansatu. Tsohuwar ta tafa hannu.

"Yau na ga ikon Allah! 'Yar mai lalle ta gaji uwarta. Balki, ki samo tsumagiya ki haɗa su duka biyu, ki zane su da zanen da ba ya gogewa."

"Iya, in na buge shi yau, jibi ina gidan biki a unguwar Klémat. Tsumagiyar ce za ta tsare shi?"

"To ki ɗaure shi a turmi."

Balkissa ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Ita ba mai faɗa ba ce, ko ciniki ba ta iya ɗaga murya. Abin da ta iya shi ne hannu.

Washegari da safe ta dama farar ƙasarta, ta ce wa Rabiou ya miƙo ƙafa. Maimakon ganye uku, ta shimfiɗa masa zanen amare sosai, reshe cikin reshe, da ƙananan ɗigo kamar ƙwayar gero, tun daga idon sawu har kusa da gwiwa. Ta ɗauki lokaci. Nafissa na tsaye da tsintsiya, ta daina shara.

"Inna, wannan ai na mata ne," in ji Rabiou. "Yara za su yi mini dariya."

"Su yi." Ta ɗago ido ta dubi ɗiyarta, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba don kunyar ɗan fari. "Ke, zo ki gani. Ya yi kyau?"

Nafissa ta ce, "Ya yi," da muryar da da ƙyar ta fito.

Ran nan Rabiou bai leƙa ko ƙofar gida ba. Ya wuni a kan tabarma yana jifan kaji da tsakuwa. Da Balkissa ta dawo daga aiki ta ga zanenta cif, ta ji wani sanyi a ranta, ta ce a zuci ta yi maganin abin.

Ranar Alhamis tana da amarya a Klémat, ɗiyar wasu Larabawa masu shagon yadi. Ta sake yi masa zanen, ta haɗa kayanta cikin kwando. Ta nemi robar da take ɗaure kwandon da ita, wadda aka yanko daga tayar keke, ba ta gani ba. Ta yi tsaki, ta ɗaure da tsumma, ta fita.

Gidan biki ya cika da mata da hayaƙin turaren wuta. Ta zauna a ƙasa, ƙafar amarya a kan cinyarta, ta liƙa salatif ɗin da ta yanka gida-gida, ta shafe tafin ƙafar dama da lalle. Saura ta naɗe ta da leda don kada lallen ya bushe ko ya taɓa wani abu. Ta sa hannu a kwando. Ledoji shida ta ninke jiya da hannunta. Babu ko ɗaya.

Ta sake lalubawa. Sai hannunta ya tsaya cak.

Sau nawa Rabiou ya zauna gefenta yana kallon yadda take naɗe ƙafar mace da leda, ta ɗaure bakin tam, tana cewa ko ruwa aka zuba ba zai shiga ba? Leda shida. Robar taya.

Ta ajiye ƙafar amarya a kan tabarma ta miƙe.

"Ina kuma za ki?" in ji uwar amarya da Larabci. "Ƙafa ɗaya fa kika yi! Haka za a kai ta, kamar tunkiyar da aka yi wa shaida?"

"Ku yi haƙuri. Ɗana."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ta bar kwandon a nan. Ita da ba ta taɓa hawa babur ɗin haya ba don tsoro, ta tsayar da klando na farko da ta gani, ta ce Chagoua, ya yi sauri don Allah. Ruwan daren jiya ya kwanta a tituna, mai babur na kewaye taɓo yana zagin masu mota, ita kuwa tana riƙe da ƙarfen baya, bakinta na motsi, ba ta ma san wace addu'a take yi ba.

Ta tarar da Nafissa a ƙofar gida, tana leƙen hanya. Kallo ɗaya ya isa.

"Ke, tun yaushe?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Tun da kika fita. Na ce masa ba zan iya wannan zanen ba, wallahi na ce kada ya je. Ya ce ya san dabara. Inna, ya iya ruwa, ni na gani, shi ya sa nake..."

"Ina?"

"Wajen masu wanki. Ƙasan gada."

Balkissa ta ruga. Takalminta ɗaya ya maƙale a laka, ta bar shi. Tun daga nesa ta hango kayan wanki shanye a kan ciyawa, ta hango kogin ja wur, ya ninka faɗin da ta sani, yana tafe da rassan itace. Sannan ta hango abin da take tsoro: mutane sun yi da'ira a bakin ruwa, kowa ya sunkuya, babu mai wanki ko ɗaya a kan dutsensa. Ta nufe su da gudu.

"Ku ba ta hanya, uwarsa ce," wani ya faɗa.

Rabiou na kwance a gefe guda, yana amayar da ruwa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Yana numfashi. Ta durƙusa, ta kasa taɓa shi. Wani dattijo mai wanki, Ladan, mutumin Katsina da ta sha gani yana wucewa da ƙullin kaya a ka, yana tsugune jiƙe sharkaf, yana ƙoƙarin sa wuƙa ƙarƙashin robar da ta nutse cikin naman yaron a ƙasan gwiwa. Ƙafar dama tana cikin leda ninki-ninki, an ɗaure sama, an ɗaure ƙasa. Yatsun sun kumbura, sun yi toka-toka.

Robar ta tsinke da ƙara. Yaron ya ƙwalla ihu, jini na komawa.

"Yi kukanka, ɗan nema," in ji Ladan. "Mai kuka ai da ransa." Ya juyo wajen Balkissa yana haki. "Hajiya, yaron nan tun farkon hutu yake zuwa nan. Kifi ne, ya fi 'ya'yan masunta. Ban taɓa ɗaga kai don shi ba. Yau ina cikin wanki na ga yana juyawa wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, ƙafa ɗaya ba ta aiki. Da na ƙara sunkuyawa sau ɗaya, da yanzu wani zance ake. Wane marar imani ne ya ɗaure masa ƙafa haka?"

Ladan ya yage ledojin ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu ga zanen nan fari tas, reshe cikin reshe, ko ɗigo ɗaya bai goge ba. Wani matashi ya yi dariya, ya ce da Larabci ashe amarya suka ciro daga ruwa. Wasu suka taya shi, dariyar mutanen da tsoro ya sake su.

Rabiou ya buɗe ido, ya ga uwarsa.

"Inna," ya ce, "bai goge ba. Duba."

Nan ne abin ya kai mata. Ta dubi zanen, aikin da ta fi kowane kyau a wannan makon. Shekara guda tana ganin shi ne katangar da ta gina tsakanin ɗanta da kogi, ashe bai taɓa hana shi zuwa ba, sai dai ya koya wa yaran yadda za su ɓoye mata. Yau kuma saura ƙiris ya ja shi ƙasa.

Ta miƙe, ta taka zuwa bakin ruwan da ba ta taɓa kusanta ba, har ya shafi yatsunta. Ta tsoma gefen mayafinta, ta dawo, ta kama ƙafar yaron ta goge farar ƙasar a hankali, tun daga gwiwa har idon sawu. Ya zuba mata ido yana jiran mari. Marin bai zo ba.

"Baba Ladan," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "ƙarfe nawa kuke fara wanki?"

"Da an sallame asuba muna nan, har azahar."

"In ya zo da safe, ya gaishe ka tukuna. Inda ka ce ya tsaya, nan zai tsaya. In ka naɗe kayanka, ya fito. Ranar da ruwa ya fi ƙarfi, ka koro mini shi. Za ka iya mini wannan?"

Dattijon ya dube ta, ya dubi yaron. "In ya wuce dutsen can, ni zan fara karya ƙafar kafin kogi ya samu. Ka ji ko, amarya?"

Rabiou ya gyaɗa kai.

Ta goya shi, ƙaton yaro mai shekara tara, ƙafafunsa na dukan cinyoyinta, suka bi layi mutane na kallo. Ta tsinci takalminta a inda ta bar shi. A gida Hansatu ta karɓe shi tana salati tana zagi a haɗe, ta dafa ruwan zafi ta gasa masa ƙafar. Nafissa ta raɓe a bango, idanu jawur, tana jiran nata rabon.

Balkissa ta wanke ƙafafunta, ta sauya zane. Gabanta bai daina faɗuwa ba, ta kuma san gobe da safe, in ya nufi kogin da saninta, sai ya fi haka faɗuwa. Souley ma in ya dawo, akwai magana. Ta dubi ɗiyarta.

"Ke, sa mayafinki. Hannun da ya iya satar zanena ya iya riƙe mini salatif."

Suka tsaya shagon bakin titi, ta sayi leda. La'asar ta yi lokacin da suka shiga gidan bikin a Klémat. Uwar amarya ta buɗe baki za ta fara, Balkissa ta gaishe ta, ta zauna a inda ta tashi, ta jawo kwandonta, ta ɗora ƙafar hagu ta amarya a kan cinyarta, ta ci gaba da ƙunshi.