Fuskar da Aka Gyara a Panyu

Cikin duk shekarun da na yi ina duba kaya a Guangzhou, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da na raka Abu Hamdi karɓar riguna a Panyu. Ku sababbin zuwa ku saurara, tunda ku boko kuka yi, ni kuwa aji huɗu malaminmu ya gaji da ni.

Aikina, ga wanda bai sani ba, shi ne in tsaya tsakanin mai kaya da masana'anta. Ana fara buga samfur, mai kaya ya amince, sannan a buga sauran. Ni zan buɗe kwalaye in duba ɗinki da launi kafin a kai tashar jirgin ruwa ta Huangpu a loda a kwantena. Idan jirgin ruwa ya tashi babu kayanka, sai ka jira na gaba.

Abu Hamdi dattijo ne Bafalasɗine, a masallaci muka saba. Larabcina na addu'a ne, Turancinsa na asibiti, amma muna fahimtar juna. Ya ba da odar riguna masu hoton wani marubucinsu, za a raba wa yaran wata makaranta a sansanin gudun hijira ranar tunawa da shi. Lokacin samfur yana kwance ba lafiya, sai ya ce a buga kawai, ai hoto hoto ne. Ranar da muka je, washegari ake rufe lodi.

Lawban, wato mai masana'antar, mace ce mai fara'a. Ta ce nihaw, wato sannu, ta kawo shayi, ta buɗe kwali da kanta. A jikin rigar na ga hoton saurayi fari tas, ido manya, kumatu sumul, yana murmushi. Na duba ɗinki, babu aibu. Abu Hamdi kuwa ya riƙe rigar ya juyo gare ni.

"Malam Sule, wane ne wannan?"

"Kai za ka tambaye ni? Mutuminka ne."

Ya nuna mini hoton asali a wayarsa. Mutum ne siriri, goshi a tattare, ƙarƙashin ido ya yi baƙi kamar direban da ya kwana a hanya. Ashe al'adar wurin ce, duk hoton da aka kawo sai sun wanke shi, sun goge tabo, sun ƙara haske. Lawban ta ce kyauta ta yi masa, ko oga ya fi son a ƙara farin?

Gaskiya na goyi bayanta. Na ce, "Baba, a Kano mai hoto da bai gyara maka fuska ba, ba ka komawa wurinsa. Idan ba ka so, ka bar mini in tura kasuwar Kwari, za a ɗauka jarumin Indiya ne, kafin la'asar sun ƙare."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ni dai abin ya ba ni mamaki, wane irin mutum ne ake rigima don a bar masa gajiyarsa? Na tambaya.

Ya ce marubucin yana yaro aka kore su daga garinsu. Ya girma ya koyar da yara a sansani, da rana yana aikin jarida da taron siyasa, sauran lokacin yana rubuta labaran mutanen da aka raba da gidajensu. Bai tsufa ba aka kashe shi. Ya ce, "Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, ni nake karanta mata labaransa. Takan tsayar da ni ta ce, wa ya gaya masa sirrinmu?"

Na ce, "To ba sarki ba ne, ba malami ba, labari kawai?"

"Labari kawai."

Na fassara wa lawban da ɗan Sinancina na kasuwa, waya ta cika sauran. Ta daɗe tana kallon hoton asalin. Ta ce za ta sake bugawa, amma kafin gobe, meyo, wato babu. Na ja Abu Hamdi gefe na gaya masa abin da aikina ya wajabta: in an sake bugu, jirgi ya tafi, ranar taron za ta wuce yara ba su sa riga ba.

Ya ce, "Yaran nan a jira aka haife su, Malam Sule. Jirgi ɗaya ba zai kashe su ba. Amma ba zan aika musu baƙo ba."

Haka aka yi. Jirgi ya tashi babu kayanmu, rigunan suka isa bayan taro, da goshin a tattare yadda yake.

Darasin, ku rubuta tunda kun iya: a wannan sana'a muna duba ɗinki, muna duba launi, mu ce kaya sun yi. Yanzu duk odar da ta zo da hoton mutum, kafin a taɓa injin sai na tambayi mai ita wane ne, kuma me ya same shi.